Ƙagaggun 'yan talla: A faɗa wa mai saye gaskiya da harshen da yake ji

A ranar 11 ga Disamban 2025 Gwamnar Jihar New York ta Amurka, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa duk mai yin talla ya bayyana wa jama'a ƙarara idan mutumin da ake gani a cikin tallan na'ura ce ta ƙaga shi ta hanyar fasahar ƙirƙirarriyar basira, wato AI. An tsayar da watan Yunin 2026 don fara aiki da dokar. Wanda ya karya ta karon farko zai biya tarar dala 1,000, duk karon da ya biyo baya kuma dala 5,000. Tarar ba ta taka kara ta karya ba idan aka auna ta da abin da manyan kamfanoni ke kashewa a talla. Sai dai ƙa'idar da dokar ta kafa babba ce: mai saye yana da haƙƙin sanin ko wanda ke lallashinsa ya fitar da kuɗinsa mutum ne mai rai.

New York ba ita kaɗai ta farga ba. Tun ranar 1 ga Satumban 2025 ƙasar Sin ta fara aiki da ƙa'idar da ta tilasta sanya alama a kan hoto, bidiyo, murya ko rubutun da na'ura ta samar, alama ɗaya wadda ido ke gani, ɗaya kuma a ɓoye cikin fayil ɗin. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta soma aiki a Agustan 2024, ta tanadi makamancin wannan wajibci a sashenta na 50, kuma an tsara ya hau kan kowa daga Agustan 2026. A matakin tarayya a Amurka, hukumar kula da cinikayya ta FTC ta haramta shaidar ƙarya a talla tun Oktoban 2024, har da shaidar da aka jingina wa mutumin da babu shi a duniya. Ƙasashen da ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba sun haɗu a kan wannan batu.

Najeriya ma ta taɓa shata layi a kan wanda ya halatta ya fito a talla. A watan Agustan 2022, jim kaɗan bayan sabuwar doka ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON da Hukumar Kula da Harkokin Talla ta Najeriya, ARCON, shugabanta Olalekan Fadolapo ya sanar da cewa daga ranar 1 ga Oktoban shekarar ba za a ƙara amfani da fuska ko muryar ɗan ƙasar waje a tallan da aka nufi 'yan Najeriya da shi ba. Hujjar da aka bayar ita ce kare sana'ar 'yan ƙasa da hana kuɗin talla malalewa waje. Da wannan mataki gwamnati ta riga ta amince cewa fuskar da ke talla da muryar da ke talla al'amura ne da suka shafi hukuma.

An yanke wancan hukunci ne bisa zaton cewa duk fuskar da za ta bayyana a allo ta wani ce mai suna da fasfo. Wata uku bayan sanarwar, a ƙarshen Nuwamban 2022, aka fito da ChatGPT, manhajojin ƙaga hoto da murya da bidiyo kuma suka biyo baya kamar farin ɗango. A yau da wayar hannu da 'yan dubban nairori ana iya ƙaga dattijo mai babbar riga da hula, ko uwa mai goyo, ko budurwa cikin rigar ma'aikatan jinya, a sa musu magana a baki. Irin wannan fuska ba baƙuwa ba ce balle a hana ta, ba kuma 'yar ƙasa ba ce balle a biya ta. Kuɗin da a da zai shiga aljihun ɗan wasa a Kano ko Jos yanzu yana tafiya da dala zuwa ga kamfanin manhaja a ƙetare. Abin da aka toshe ta ƙofa a 2022 ya dawo ta taga.

Illar ba ta tsaya ga asarar aiki ba. Ƙungiyoyin bin diddigin labarai irin su Africa Check da Dubawa sun sha bankaɗo bidiyoyi a Facebook waɗanda aka ɗora wa fuska da muryar fitattun 'yan Najeriya, ciki har da Aliko Dangote da masu karanta labarai a gidajen talabijin da sanannun likitoci, suna tallata zuba jarin bogi ko maganin hawan jini da ciwon suga, alhali masu fuskar ba su da masaniya. Rugujewar dandalin CBEX a watan Afrilun 2025, wanda ya yaudari dubban mutane da iƙirarin cewa na'ura ce ke juya musu kuɗi, ta nuna yadda kasuwar yaudara ke da faɗi a ƙasar nan. Hausawa na cewa gani ya kori ji. An shigo zamanin da ganin ma sai an yi masa tambaya.

Yawancin muhawarar da ake yi a kan wannan batu ana yin ta ne a Legas da Abuja, tsakanin lauyoyi da kamfanonin talla, da Turanci. Wannan jarida na ganin ma'aunin da ya dace a gwada duk wata ƙa'ida da za a rubuta shi ne gari irin Zonkwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a kudancin Jihar Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan daga babban birnin tarayya. Gari ne na Bajju, a nan fadar Agwam Bajju take, yana maƙwabtaka da ƙasar Atyap da Ikulu da Anghan, akwai kuma Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu. A gida ana jin Jju ko Tyap, a makaranta da ofis ana jin Turanci, a kasuwa da tashar mota kuwa Hausa ce ke haɗa kowa. Duk ƙa'idar da ta kāre mai saye a irin wannan wuri za ta kāre shi a ko'ina.

Talla yana isa Zonkwa ne galibi ta kunne. Yana zuwa ta gidajen rediyon Kafanchan da Kaduna, ta lasifikar da aka ɗaura a kan mota ko babur ranar kasuwa, ta saƙon murya da gajeren bidiyo da ake turawa a zaurukan WhatsApp na coci da masallaci da ƙungiyoyin manoma da na tsofaffin ɗalibai. Mai saurare yana auna abin da ya ji da karin harshen mai magana, da shekarunsa, da irin gaisuwar da ya buɗe da ita. Idan muryar ta yi kama da ta mutanen gida, rabin cinikin ya faɗa. Tun kafin a ƙirƙiro rediyo haka abin yake: dillalin da aka san gidansu shi ake ba amana, domin idan kaya suka ɓaci akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ƙagaggen ɗan talla yana aron wannan amana ba tare da yana da gida ko dangi ko sunan da zai ji kunyar ɓatawa ba.

Batun citta ya isa misali. Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Najeriya, daga Kachia da Jaba da Kagarko zuwa Jema'a da Zangon Kataf. A daminar 2023 annobar ruɓewa ta afka wa gonaki ta cinye mafi yawan amfanin, iri ya yi wuya ya yi tsada, har Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin shawo kan lamarin. Manomin da ya sha wannan wahala a shirye yake ya saurari duk wanda ya ce yana da iri mai tsabta ko maganin feshin da zai tsare gona. A ɗauka an turo masa bidiyon wani dattijo tsaye a gonar citta kore shar, yana rantsuwa da Hausar yankin cewa wani magani ne ya ceci gonarsa. Idan dattijon da gonar duk na'ura ce ta zana su, manomin ya yi cinikin biri a sama. Zai gane hakan ne bayan damina ta yi nisa, lokacin da kuɗin makarantar yara da bashin taki sun riga sun bi ruwa.

A fannin lafiya abin ya fi haka muni. Zonkwa na da asibitin St. Louis mai daɗaɗɗen tarihi, mutanen yankin kuma sun saba girmama farar riga da abin awon ƙirji a wuya. Wanda ya ƙaga likita ko ungozoma don tallata ganyen da zai raba mutum da ciwon suga cikin mako biyu yana cin gajiyar mutuncin da ma'aikatan lafiya na gaske suka yi shekaru suna ginawa. Mai hawan jinin da ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa saboda irin wannan talla yana iya biya da shanyewar ɓarin jiki. Doka ta riga ta wajabta neman amincewar NAFDAC kafin tallata magani, na Bature ko na gargajiya. Amma jami'in da ke duba kalmomin talla yana buƙatar a ba shi ikon tambayar wane ne wannan mai maganar, kuma ina takardar shaidar aikinsa.

Saboda haka kwafo dokar New York yadda take zai zama kuskure. Dokar ta keɓe tallan murya zalla daga wajibcin bayyanawa, ta kuma keɓe inda aka yi amfani da na'ura don fassara maganar ɗan talla na gaske zuwa wani harshe. Wataƙila hakan ya dace da birnin da allo ke ko'ina. A Najeriya waɗannan keɓewa biyu su ne za su bar mafi yawan jama'a a fili. Tallan murya shi ne tallan talaka. Fassarar na'ura kuwa ita ce hanyar da mutumin da bai taɓa taka Kaduna ba zai bayyana yana zuba Hausa kamar haifaffen Tudun Wada, mai saurare ya ɗauke shi ɗan gida.

Kada kuma a yi zaton ƙananan harsuna sun tsira. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da wani tsari mai iya furta magana da harsuna fiye da 1,100, kuma ya gina shi ne a kan karatun Littafi Mai Tsarki da aka naɗa a murya da waɗannan harsuna. A Satumban 2025 Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani ta ƙaddamar da N-ATLAS, tsarin da ke aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, zai kuma amfani manomi da majiyyaci idan aka bi da shi ta hanyar kirki. Amma yana nufin ranar da na'ura za ta yi talla da Jju ko Tyap ba ta da nisa, gara ƙa'ida ta riga ta isa wurin.

Haka nan rubutu ɗan mitsitsi a gefen allo ba bayyanawa ba ce. A fitowar mujallar Vogue ta Agustan 2025 wani tallan kamfanin tufafi na Guess ya fito da ƙagaggiyar mace, aka rubuta bayanin hakan da haruffa ƙanana a gefen shafi, masu karatu da yawa ba su lura ba sai da aka yi ta cece-kuce a kai. Idan hakan ta faru ga masu karatun mujallar ƙawa a Amurka, ina ga wanda ke kallon bidiyo a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, cikin rana, kuma rubutun da Turanci? Alamar ɓoye da ake sakawa cikin fayil tana da amfani ga masu bincike, sai dai tana iya gogewa idan aka sake ɗaukar bidiyon ko aka bi da shi ta wasu manhajoji. Saƙonnin WhatsApp kuma a kulle suke, babu hukumar da ke ganin abin da ke yawo a ciki. Sanarwar da za ta bi talla duk inda ya je ita ce wadda aka furta da baki a cikinsa. Wanda ya yanke ta ya bar wa kotu hujjar cewa da gangan ya yi.

Akwai buƙatar a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne ƙagaggen mutumin da bai yi kama da kowa ba, yana nuna sabulu ko atamfa. Wannan sanarwa ta wadatar, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na biyu shi ne satar fuska ko muryar mutum na gaske, mai rai ko marigayi. Wannan babu alamar da za ta wanke shi, sai rubutaccen izinin mai ita ko magadansa, in babu izini kuwa zamba ce da ta shiga hurumin dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Na uku shi ne shaida, wato inda ɗan tallan ke cewa na sha na warke, na fesa na girbe, na zuba na ci riba. Wanda babu shi ba ya ciwo, ba ya noma, ba ya da asusu a banki, don haka shaidarsa ƙarya ce tun daga tushe ko da an manna mata alama. A tallan magani da kayan noma da zuba jari ya kamata a haramta ta baki ɗaya.

Masu adawa da sabuwar ƙa'ida suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Tela ko mai sayar da zuma ko mai shagon gyaran waya a Zonkwa, wanda a da ba shi da kuɗin ɗaukar mai hoto da ɗan wasa, yau yana iya haɗa talla mai kyau da wayarsa. Wannan dama ce ta gaske, kuma zalunci ne a kashe ta da kuɗin tantancewa da zirga-zirgar ofis. Kamfanoni masu ba da talla sun daɗe suna kokawa da yawan kuɗaɗe da dokokin ARCON. Amsar ita ce a sauƙaƙa wajibcin yadda ba zai ci kowa ko kwabo ba: jimla ɗaya tak, wadda hukuma za ta tsara ta fassara ta raba kyauta, mai talla ya saka a farkon tallansa. Kada kuma a faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da gyaran haske ko share ƙura a hoto, domin idan kowane talla na ɗauke da gargaɗi, kunne zai daina jin sa.

Hujja ta biyu ita ce 'yan damfara ba sa kai tallansu tantancewa, don haka masu gaskiya kaɗai dokar za ta ɗaure. Gaskiya ne ɓarawo ba ya neman lasisi. Amma idan jama'a suka saba da jin sanarwar a bakin kamfanonin kirki, rashin ta zai zama alamar tambaya. Bugu da ƙari, mafi yawan tallan damfara kuɗi ake biya a ɗora shi a dandalin sada zumunta, wanda ya karɓi kuɗin kuma yana da adireshi. Najeriya ta nuna tana iya tunkarar waɗannan kamfanoni: ARCON ta maka Meta a kotu a Oktoban 2022 tana neman naira biliyan 30 kan tallan da ba a tantance ba, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC kuma ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, hukuncin da kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Meta da YouTube da TikTok duk suna da nasu dokokin sanya alama. Abin da ya rage shi ne a tilasta musu aiwatar da su da Hausa da sauran harsunan ƙasar nan kamar yadda suke yi da Turanci.

Hujja ta uku ta fi nauyi, ita ce tsoron kada ƙa'idar ta zama sandar dukan 'yan adawa. Ba a manta da abin da ya faru a Agustan 2023 ba, lokacin da ARCON ta ɗauki matakin ladabtarwa a kan jami'an sashenta na tantancewa saboda sun amince da allunan da ke cewa idanu na kan ɓangaren shari'a, a daidai lokacin da ake sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa. Lamarin ya bar shakku a zukatan mutane da yawa. Don haka tilas a rubuta ƙa'idar a taƙaice, ta tsaya ga tambaya ɗaya da ake iya amsawa da hujja: mutum ne ko na'ura, kuma an faɗa ko ba a faɗa ba? Ra'ayin da tallan ke ɗauke da shi ba ya cikin wannan tambaya. Fina-finai da barkwanci da zanen shaguɓe, waɗanda ba sa sayar da komai, a bar su da dokokin da suka shafe su.

Ga masu sana'ar murya da fuska kuwa, sanarwar kariya ce. 'Yan Kannywood da mawaƙa da 'yan barkwanci da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon Kafanchan da Kaduna da Jos, da yawansu talla ne ke cike musu giɓin albashi. Yajin aikin kwana 118 da 'yan wasan Amurka suka yi a 2023 ya ta'allaƙa ne a wani ɓangare kan wannan tsoro, ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA kuma na cikin waɗanda suka tsaya wa dokar New York. Idan aka wajabta bayyanawa, kamfanin da ya ɗauki mutum na gaske zai sami abin alfahari, mai saye kuma zai zaɓi wanda zai yarda da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi haƙƙin masu wasa a kan ayyukansu. Ya rage ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, da ƙungiyoyi irin su MOPPAN, su tabbatar babu ɗan wasan da zai sa hannu a kwangilar da za ta mallaka wa wani muryarsa har abada a kan kuɗin talla ɗaya.

Abin da ake buƙata bai sai an jira sabuwar doka daga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ba. Dokar ARCON ta 2022 ta ba hukumar ikon tsara ƙa'idojin talla, ta kafa kwamitin tantancewa, ta kuma tanadi kotu ta musamman kan laifukan talla. Hukumar na iya fitar da umarni cewa duk tallan da ke da ƙagaggiyar fuska ko murya ya buɗe da sanarwa a furuce, da harshen da aka yi tallan, da sauti da saurin da ya yi daidai da na sauran maganar, sannan a bidiyo a ƙara da alamar da za ta tsaya a allo daga farko zuwa ƙarshe. Takardar neman amincewa ta ƙunshi rantsuwar mai talla kan ko akwai ƙagaggen mutum, da sunan duk mutumin gaske da aka yi amfani da fuskarsa ko muryarsa wajen ƙaga shi. Hukunci ya tafi daidai da girman kamfani da girman ɓarna, kada a auna mai zuma da bankin kasuwanci da mudu ɗaya.

Sauran aikin na haɗin gwiwa ne, kuma an yi sa'a manyan masu ruwa da tsaki uku suna ƙarƙashin rufi ɗaya. ARCON da Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta NBC da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta NOA duk suna ƙarƙashin Ma'aikatar Yaɗa Labarai da Wayar da Kai, wadda Mohammed Idris ke jagoranta. NBC na iya sanya sanarwar cikin sharuɗɗan karɓar talla a gidajen rediyo da talabijin. NOA, da ke da jami'ai a ƙananan hukumomi, na iya kai bayanin fadar sarakuna da majami'u da masallatai da ƙungiyoyin manoma, ta kuma zama wurin da mutumin Zonkwa zai kai ƙara ba tare da ya hau mota zuwa Kaduna ba. A samar da lambar WhatsApp ɗaya da za a tura tallan da ake zargi, a amsa cikin kwanakin da aka ƙayyade. NAFDAC da FCCPC da hukumar hannayen jari ta SEC su karɓi abin da ya shafi fannoninsu kai tsaye.

Gwamnati kanta na cikin manyan masu ba da talla a ƙasar nan, saboda haka gyaran ya fara daga gida. Ma'aikatu da hukumomi na fitar da sanarwar rigakafi da rajistar manoma da tallafi kusan kullum, ɗan kwangilar da aka ba aikin kuma yana iya ƙaga manoma masu murmushi suna gode wa gwamnati, ya karɓi kuɗin ɗaukar mutanen gaske. Takardar umarni ɗaya daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, da sharaɗi ɗaya cikin takardun kwangila, sun isa su hana wannan. Daraktan yaɗa labarai ko hadimin da ke kula da shafin minista shi ne mutum na ƙarshe da bidiyon ke bi ta hannunsa kafin ya fita, kuma tambayar da zai yi ba ta cin minti ɗaya. Ranar da aka gano cewa masu cin gajiyar wani shiri da aka nuna wa duniya zane ne, sanarwar rigakafi ta gaba ma ba za a yarda da ita ba.

Lokaci kuma ba ya jira, domin zaɓen 2027 na ƙaratowa. Zonkwa da Kafanchan na cikin garuruwan da rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya fi yi wa ɓarna, rikicin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka fiye da 800 a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku. Mutanen yankin, Kirista da Musulmi, sun san abin da jita-jita ke iya haifarwa, sun kuma sha wahala wajen sake gina zaman tare. Tallan siyasa da aka sa wa ƙagaggen fasto ko limami ko basarake magana a baki yana iya rusa aikin shekaru cikin dare ɗaya. Ya kamata ARCON da INEC da jam'iyyu su amince da ƙa'idar tun kafin gangar yaƙin neman zaɓe ta yi zafi, lokacin da babu wanda zai ce shi aka nufa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ministan Yaɗa Labarai na da ikon kiran hukumominsa uku zama ɗaya, ARCON kuma na da ikon fitar da daftarin umarni don jin ra'ayin jama'a cikin 'yan makonni. Idan daftarin ya fito, a fassara shi, a kai shi zauren ƙaramar hukuma a Zonkwa da wurare irinta, a kunna wa manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan jinya samfurin sanarwar da Hausa da Jju da Tyap, a tambaye su abin da suka fahimta. Jimlar da suka gane da ji ɗaya, ita za a rubuta a cikin ƙa'idar.